Larabar Mai Haɗa Sola

Kai da kullum sai ka ce min "ranar Asabar zan shigo", in tambaye ka da wane lokaci ka ce "ai dai Asabar ce", gyara zama ka ji abin da irin wannan magana ta jawo wa wani.

Wani mai haɗa sola ne, gwani, ba a ja da shi. Abin da ya fito da shi ma ba aikin ba ne kamar cika alkawari. Yana da wata manhaja a waya da yake zuba ayyukansa a ciki, ya sa rana, ya sa ƙarfe kaza. Lokaci na yi wayar za ta ɗau ƙara, shi kuma ya zabura ya haye babur kamar an tsikare shi da allura. Sai dai manhajar tana da wani hali. In ka ba aiki rana kaɗai ba ka yanka masa lokaci ba, ba ta yin ƙara a kansa. Ɗora shi take yi can saman ayyukan ranar, ya zauna shiru kamar baƙo mai kunya da aka manta a zaure. To, wata rana zuciya ta ɗebi mutumin nan a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, ya yi wa matarsa saki ɗaya, ga ta da tsohon ciki. Tun ba ta gama haɗa kaya ba ya yi nadama, amma girman kai ya ɗaure masa baki. Hukuncin kuwa kowa ya san shi: iddar mai ciki haihuwa ce. Muddin ba ta sauka ba, kalma ɗaya ta ishe shi ya mayar da matarsa. Tana sauka, sai da yardarta da sabon ɗaurin aure.

Surukinsa, dattijo mai kawaici, ya aiko masa ya zo ranar Laraba a zauna a gyara. Ya ji daɗi har ransa, don yana son matar nan, ba ƙarya. Ya ɗauko waya ya sa Laraba, da ya zo gurbin lokaci sai ya tsallake. Wai kada wayar ta yi ƙara a gaban jama'a, wani ya leƙa ya ga oga zai je ba mace haƙuri. Kuma ai a wajen awo an ce da sauran lokaci. Ka ji fa! Batirin mai kemis ya sami ƙarfe tara, famfon wani Alhaji ya sami sha ɗaya, uwar ɗansa ta sami "Laraba".

Larabar ta zo. Da sassafe ya ga maganar a saman waya, ya ce ai yini dogo ne. Waya ta yi ƙara, ya ruga kemis. Ta sake yi, ya ruga gidan Alhaji. Yana saman rufi wani ya kira shi a kan fitilar da ke kyaftawa, ya duba ya ga bayan azahar fili ne fetal, babu abin da ya kama wurin, ya cusa shi a nan. Haka abin yake: aikin da ba shi da lokaci, kowane lokaci da ka duba sai ka ga ba nasa ba ne. Har ta bakin layin surukan nasa ya wuce a guje, ya waiwaya, ya ce bari dai in gama in yi wanka, kada in je musu da gumi. Sai da rana ta yi sanyi ya shirya, ya sa shadda, ya fesa turare, ya sayi goro, ya nufi gidan yana ta jujjuya kalaman da zai faɗa.

Tun daga ƙofa ya ja ya tsaya. Ana sauke itace, mata na shige da fice, hayaƙin ruwan wankan jego ya tashi daga tsakar gida. Ya tarar da dattijon a zaure kan tabarmar da aka shimfiɗa dominsa, ga kwanon fura a rufe ba a taɓa ba. Dattijon ya ce, "Barka, namiji ne. Tun hantsi ta ɗaure kayanta tana jiran ƙarar babur ɗinka. Bayan azahar naƙuda ta zo. Yanzu kai da kowa ɗaya kuke a ƙofar gidan nan."

Wane irin roƙo ne bai yi ba? Ya turo manya, ya turo limamin unguwa, ya ce a yanka sadaki ko nawa ne. Ita kuwa ta ce sakin ta yafe, don zuciya ce. Wunin da ta yi zaune kan ƙullin kayanta, ƙannenta na kallonta, shi ne ba za ta iya haɗiyewa ba. Bayan yaye wani malamin makaranta ya fito, aka ɗaura. Yau yaron yana gudu ya tari babur ɗin wani yana kiran Baba, uban da ya haife shi kuwa sai da sallama yake ganinsa, a waje, a tsaye. Abin takaici, har yanzu bai goge maganar daga wayar ba. Tana nan ta koma ja, kullum manhajar na tambayarsa ko a mayar da ita gobe.

Saboda haka in abu yana da daraja a wurinka, kada ka ba shi rana ka hana shi lokaci. Ba a banza Hausawa suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.