Manomin da Ya Goyo Fada

Ku matso kusa, dukanku. Sisiliya, ajiye wayar nan. Bonifas, kai na fi nufi, bar sunkuyar da kai kamar ba ka san abin da ya tara mu ba. Matarka Rifkatu na kwance da karaya, ta aika a kira mata fastonta ya yi mata addu'a, ka tare bawan Allah a ƙofa ka ce nan gidan Katolika ne. Wasunku sun ce ka yi daidai, wasu sun ce ka yi wauta. Ni ban shiga aji ba, a bakin murhu na koya wa kaina karatu, amma ga misali ku auna da shi.

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye da ke hayin kogi. 'Yar Katolika ce tun kaka da kakanni, mijinta kuwa manomi ne, ɗan Baftis. Suna son juna, amma gardama ta zame musu gishirin miya. In ta ɗauki carbinta da safe, sai ya ce Maryamu uwa ce mai daraja, amma ina aka rubuta a roƙe ta? In ya dawo daga cocinsu murya a dushe don waƙa, sai ta ce Allah dai ba kurma ba ne. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne durƙusonta gaban Fada, limamin cocinsu, tana faɗin zunubanta. Yakan ce mutum mai cin tuwo kamarsa ba ya yafe zunubin kowa. Haka suka yi furfura, ɗaki ɗaya, rumbu ɗaya, ran Lahadi kowa ya kama hanyarsa.

Ana tsakiyar marka ciwo ya kayar da ita, har ko koko ba ya zama a cikinta. Ba mutuwar take tsoro ba, wanda ya saba taɓa ƙasa kullum ya san can zai koma. Tsoronta kada ta tafi ba ta faɗi zunubanta ba, ba a shafa mata mai na addu'ar marasa lafiya ba. Fada kuwa yana cikin gari, a wancan ƙetare, ga kogi ya cika ya tafi da gadar katako. Matan cocinsu suka zo suka yi mata waƙa, suka riƙe hannunta, suka ce a yi haƙuri sai ruwa ya janye. Mijin dai ko da wasa ba ta roƙe shi ba, ta san amsarsa tun kafin a haifi ɗansu na fari. Da gari ya waye ta ji ya ɗauki sandarsa ya fita, ko sallama babu. Ta ce a ranta, fastonsa ya tafi kira, ya ga ba ta da bakin ramawa, yau zai ci gardamar da ya kasa ci tana tsaye. Ta juya fuska ga bango, tana tattara ɗan sauran ƙarfinta don ta ce musu a'a.

Rana ta karkata sai ga maƙwabciyarta ta shigo tana haki. Ta ce mutane sun cika bakin kogi suna kallo: mijinta ne a cikin ruwa har ƙirji, yana laluben ƙasa da sanda, ga tsohon Fada a wuyansa, ya naɗe farar rigarsa, ya ɗora 'yar jakarsa a ka. Ashe ninƙaya ya yi da safe, ya taka har gidan Fada, harabar da bai taɓa sa ƙafa ba tun da uwarsa ta haife shi. Da suka iso gida, mijin ya sauke Fada a ƙofar ɗakinta, ya leƙa ya ce, "Ga naki nan." Sannan ya kori kowa daga tsakar gida, ya ja turmi can gindin rumbu ya zauna yana matse wando, don kada kunnensa ya tsinci abin da ba a faɗa dominsa ba. Da aka gama, ya sake durƙusawa, ya goya tsohon ya mayar.

Da yake da sauran shan ruwanta, ta tashi. Ran da ta fara komawa kan yumɓunta ta ce, "Maigida, ka tuba ke nan?" Ya ce, "Wa? Har gobe mutum ba ya yafe zunubi. Amma ke ce a kwance, ba ni ba." Gardama ta dawo yadda take, ba wanda ya ja wani zuwa cocinsa. Sai dai daga ranar, in ya ɗaga murya, bakinsa ba ya damunta. Ƙafafunsa take kallo, inda duwatsun kogi suka yayyanka suka bar tabo, ta gode wa Allah da Ya ba ta wannan mai taurin kai.

Ni ma godiyar nake yi, don an ba ni irinsa a gidan nan. Bara da idona ya yi hazo, Rifkatu ce ke riƙe hannuna zuwa coci, ta zauna a gindin mangwaro har mu tashi, ku kuwa kowa na da uzuri. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Gidan faston nan ba kogi tsakaninku da shi. Ku tashi ku sasanta maganar nan tun yarinyar mutane ba ta gaji da kallon ƙofa ba.