Maginiyar da Ta Daka Tsingaronta

Yaya Tasalla, dakata, kada ki jefa takardar nan a murhu. Na san ta sha jan biro, ai ni na duba ta. Na kuma ji matan layinku suna dariya, wai mai jikoki ta kasa bambance waƙafi da aya. To, sai me? Saura kwana goma sha biyu a sake jarrabawa, sannan ki zo ki ce mini kin bar aji? Wallahi ban yarda ba. Zauna ki ji wani misali.

Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta shiga ginin tukwane da girmanta, har furfura ta fito mata. A garinsu ramin gashi ɗaya ne tak. Duk masu ginin tukwane nan suke jera kayansu, a rufe da kara da kashin shanu a cinna wuta. Kuma akwai doka: duk wadda kayanta suka fashe a ramin har sau biyu ba ta ƙara sa komai a ciki, don tukunya in ta fashe ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ɓarka na kusa da ita. Gashinta na farko tulu tara ta jera. Wuta na kamawa aka fara jin tas! tas! Da aka yaye toka ko ɗaya bai tsira ba, har sun tafi da randar wata tsohuwa. Kai, ranar ta sha baƙar magana. Wannan ta ce hannun da ya saba da tuƙin tuwo ina shi ina yumɓu, waccan ta ce gara ta koma sayar da ƙuliƙuli. Ita kuwa maimakon ta rufe fuska ta gudu, sai ta durƙusa a gabansu tana tsince tsingaronta ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a zani. Ta ƙulle, ta ɗora a ka, ta wuce gida.

Aka yi gashi uku ba a ga ƙeyarta ba, aka ce ai ta tuba. Ina! Tana tsakar gida, ta baje tsingaron nan a tabarma tana juya kowanne. Wannan ta ga tsakuwa ce ta bari a cikin yumɓu. Wannan gindinsa ya yi kauri, wuyansa kuwa ba ƙwari. Wancan bai gama bushewa ba ta kai shi wuta don ɗoki. Babu guntun da ta wuce ba ta gano abin da ya kashe shi ba. Sannan ta zuba su a turmi ta daka har suka zama gari, ta tankaɗe, ta kwaɓa sabon yumɓu da shi, domin yumɓun da aka haɗa da garin abin da ya taɓa shan wuta ba ya saurin tsagewa. Ranar gashi na huɗu sai ga ta da tulu tara cif. Matan suka riƙa jan kayansu gefe, kowa na gudun kada ta shafe ta. Ta dube su ta ce, "Yawwa, ku matsa da kyau, ku ba ni wuri." Ta kuwa san in guda ya fashe ita da ramin nan har abada, tukunyar gidanta ma ba za ta ƙara hawa wuta ba. Amma da hannunta ta jera. Wuta ta ci ta mutu, ba a ji tas ko ɗaya ba. Ta zaro tulunan jajur, ta bi su tana ƙwanƙwasawa da yatsa, kowanne na amsa ƙau. Tsohuwar nan da aka fasa wa randa ta ɗauki guda ta juya shi, ta sake juyawa, ta nemi aibi ta rasa. Maginiyar ta ce mata, "Riƙe, Iya, madadin randarki ne."

To, Yaya, takardar da ke hannunki tsingaronki ce, kuma wadda ta watsar da nata tsingaron haka za ta sake fasa tulu tara. Miƙo ta nan. Duk inda jan biro ya taɓa za mu tsaya, sifa ce, aikatau ne, sakin layi ne, sai mun gano abin da ya kayar da ke. Gobe ki sake karantawa, jibi ki rubuta da ka. Masu dariya ki bar su su ce kin koma baya, haƙoransu ne za su bushe. Ranar jarrabawa za su gane cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.