Safiyar da Masunta Suka Ba da Aro

Gyara zama, ɗan'uwa, tunda ka zo mini gaisuwa bari in ba ka wani misali. A wata ƙasa hukuma ta keɓe ɗan gefen zangon FM inda ba a talla, ba a ciniki, ta ce na makarantu ne da ƙauyuka. Wurin ƙarami ne, ga shi dole a bar tazara tsakanin tasha da tasha don kada muryar wata ta danne wata. Gurbi ɗaya ya rage, ƙauyuka biyu suka nema, na tudu da na bakin gulbi. Sai aka raba musu yini, masunta su yi safe, mutanen tudu su yi yamma. Wani manomi a tudu abin ya tsaya masa a rai. Kullum cewa yake an ba masunta tuwo an bar musu ƙanzo, har ya rantse ba zai taɓa kunna rediyo da safe ba.

Ana nan, wata rana bayan asuba Allah ya karɓi ran matarsa. Danginta makiyaya ne, suna warwatse a daji inda waya ba ta kamawa, sai rediyon da ke rataye a kafaɗa. Gawa kuwa ba ta jiran yamma. In bai sanar yanzu ba, za a binne ta babu nata ko ɗaya. Ya gangara bakin gulbi, ya tsaya a ƙofar ɗakin tashar, ya yi sallama. Tsohon masuncin da ke gabatar da shiri ya fito, ya ji sunan mamaciyar, ya sunkuyar da kai.

"Ai mun san ta, Malam. Duk ranar kasuwa takan aiko mu gaida 'yan'uwanta. Shigo, safiyar nan taka ce."

Ya katse shirinsa, ya yi ta nanata sanarwar da Hausa da Fulatanci, ruga bayan ruga yana kiran sunansu. Kafin rana ta take tsaka sai ga su suna ɓullowa ta kowace hanya, da sanda da malafa. Yayarta ce ta yi mata wanka. Masunta kuma suka cika sahun baya.

Da aka ɗaga makara, manomin ya duba ya ga kafaɗu huɗu, tasa ɗaya ce kawai a ciki. Gaskiyar Hausawa ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.