Kwabon Tagulla na Gwamna Kaliyas

Da hantsi Nagadata ya ajiye sabon kwabon a gaban Gwamna Kaliyas, da sauran ɗumin wuta a jikinsa. Mai kusurwa huɗu ne, irin wanda 'yan kasuwar Takshashila suka fi yarda da shi. Shekara talatin tsohon yana sassaƙa hatimin buga kuɗi.

Kaliyas ya duba fuskar farko: kan allahiya da hular yaƙi, kewaye da sunan ubangidansa sarkin Sagala cikin harufan Girka. Ya karanta a bayyane, ya gyaɗa kai. Ya juya bayan kwabon: giwa ce, da rubutun mutanen gari.

"Kai tsoho, wannan tsagar kajin taku mai tafiya da baya, me ta ce?"

"Girmamawa ce, ranka ya daɗe."

Kaliyas ya yi dariya, ya cilla masa kwabon. "Buga dubu ashirin."

Kafin damina kuɗin ya cika gari. Da shi ake sayen sha'ir da man ridi, da shi ake biyan ɗan kwale-kwale. Mai karɓa ya juya shi, ya kalli na kusa da shi, ya jefa a jaka. Fatake suka kwashe shi zuwa gabas, har Sagala.

Bayan wata uku, mahaya ɗari suka iso daga Sagala. Shugabansu ya zazzage jakar tagulla a gaban Kaliyas, ya sa aka kira Nagadata.

"Wa ya sa ka wannan aiki?"

"Ni wa, yallaɓai? Gwamna ya duba gaba da baya, ya ce in buga dubu ashirin. Ga fadawansa, a tambaye su."

Fadawa suka tabbatar. Aka ja Kaliyas zuwa ƙofar gari yana ihu yana rantsuwa da allolinsa bai san laifinsa ba. Har takobi ya sauka ba wanda ya tsaya yi masa bayani.

Nagadata ya taka zuwa mararrabar masu rini, inda bara Kaliyas ya sa giwarsa ta tattake wata mai tallan furanni don ba ta kauce da wuri ba. Ya durƙusa, ya kira sunanta, 'yarsa Sumana, sannan ya karanta mata abin da ya sassaƙa a saman giwar kwabon: "Na Kaliyas, sarkin sarakuna."