Igiyar da Aka Raba Gandunmu da Ita

Ranar da aka raba gandunmu a Balan, bayan la'asar, Baba yana zaune a zaure yana naɗe igiyar da aka auna gonar da ita. Tun tasowarsu tare suke noma shi da ƙaninsa, Baba Ƙarami, sai ran nan ƙanin ya nemi kowa ya kama nasa. Ni kuwa ina gefe ina haddace darasin tarihi da ƙarfi, don washegari muna da jarrabawa.

"Daular Rumawa ta yi faɗi har ta fi ƙarfin sarki ɗaya, sai aka raba ta gabas da yamma. Manyan sojoji suka yi ta faɗa kan sarauta, maƙiya kuma suka shigo ta kan iyaka, har ta yamma ta rushe."

Baba ya dakata da naɗin igiya. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "da aka kawo wa na yamma hari, na gabas bai je ba?"

Na ce, "Malam ya ce yakan je, amma sau da yawa yana fama da nasa maƙiyan."

Ya daɗe yana kallon igiyar. "To, ba mugunta ba ce," in ji shi. "Kowa nasa ya ishe shi."

A lokacin haushi na ji, ya katse mini hadda. Sai da na girma na gane ba Rumawa yake nema wa uzuri ba, ƙaninsa ne.