Mai Ganin Watan Dauran

"Karanta layin ƙasa," in ji likitan ido.

Imrana ya karanta tsaf. Gwajin ƙarshe ke nan kafin a ba shi takardar lafiya ta koyon tuƙin jirgin sama. Dauran, garinsu, kaf ta sa rai ɗanta zai fitar da sabuwar jihar Zamfara kunya.

"Idonka garau," likita ya ce, ya buga hatimi.

Mahaifin Imrana, Malam Mainasara, ya gyara zaman hula. "Ai gado ne, likita. Shekara ashirin ni ke kai wa hakimi labarin ganin watan azumi. Ba a taɓa riga ni ba."

"To Malam, zauna mu sha kallo."

Malam ya zauna yana murmushi. Likita ya koma bakin ƙofa, ya ɗaga yatsu uku.

"Nawa ne?"

Malam ya ƙanƙance ido, ya daɗe. "Mi na nawa?"

Imrana ya riƙe baki. "Baba! To watan fa?"

Malam ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya rage murya.

"Na ce gado ne, ban ce nawa ba. Uwarka ke hango shi ta kan danga. Ni kai labari ne aikina."