Kumfar da Ta Ƙi Fashewa

Likita ta girgiza 'yar kwalbar da ta zuba ruwan mahaifar matata a ciki, har ya yi kumfa, ta ajiye a bakin taga.

"In kumfar ta tsaya, huhun jaririn ya yi ƙwari, yau za mu ciro shi. In ta fashe sai jira, kuma hawan jinin matarka ba ya jira."

Shekara da shekaru ina wankin mota, ina kora kumfa kwata. Yau ga ni durƙushe a gabanta. Cikin kowace ƙwaya ina hango gajimare, da wani yaro a guje yana kirana Baba.

Kumfar ta yi zobe, ta zauna daram.

Likita ta yi dariya. "Malam, ɗanka zai iya numfashi. Saura kai, saki naka mana."